Makarar da Na Aro

Mu gidan mahauta ne a Ƙaraye tun kaka da kakanni. Ni kaɗai na fanɗare, boko ta ɗauke ni na zama malamin firamare, shi ya sa kowa a gidan yake ce mini Malam, har Inna, wani lokaci don girmamawa, yawanci don zolaya. Yayana shi ya gaji wuƙar Baba. Yana da tukuba a bakin hanyar tasha, kuma duk wanda ya ci tsirensa a shekarun nan zai ba ka labari. Da wannan tukubar yake ci da matarsa da 'ya'ya huɗu da Inna, har da ni, don sai da na yi aure na bar tukunyarsa. Wannan tukubar ce na kashe masa, kuma da fim na kashe ta.

Kusa da tukubar akwai wani zaure da wani mutum ya mayar gidan kallo tun a shekarun tamanin. Talabijin ɗaya ce da bidiyo da janareta, an toshe tagogi da buhunan gyaɗa don a samu duhu ko da rana. Ana idar da la'asar ake farawa. Kaset ɗin mutumin ba su da yawa, amma ɗaya ne sarkinsu, wani tsohon fim ɗin Indiya na ban tsoro. Sunansa na gaskiya babu mai iya faɗa, mu dai fim ɗin rijiya muke ce masa. Baran wani attajiri ne aka yi wa sharri, aka shaƙe shi aka jefa a rijiya. Da aka tsamo gawar, aka ɗora ta a gadon gora za a kai ƙonawa, sai ta tashi zaune a tsakiyar hanya, ta riƙa juya kai a hankali tana duban masu ɗaukarta ɗaya bayan ɗaya. Nan ne zauren kan kaure da salati, wani ya taka wani, wani ya fita babu takalmi. Gobe kuma su ne a sahun gaba.

Abin dariyar, duk garin babu mai jin Indiyanci ko na sannu. Don haka kowa da irin maganar da yake sa wa gawar a baki. Telan unguwarmu ya rantse cewa take yi a ba ta ruwa. Wani direban a-kori-kura ya ce sunayen waɗanda suka kashe ta take lissafawa. Akwai wani Bafulatani da yake tahowa tun daga Ruwan Bago duk ranar kasuwa, shi ya ce ba ta cewa komai, kuka kawai take yi irin na saniyar da aka raba da maraƙinta. Shekara goma ana wannan gardama a bencin yayana, ana cin tsire, ba a gama ba.

Yayana kuwa shi ne limamin masu son fim ɗin. Ya san inda kaset ɗin ya tauna, ya san daidai inda hoton zai yi rawa ya dawo. In an kusa wurin tashin gawar, sai ya bar nama a wuta ya leƙa ta ƙofa, ya gani, ya dawo yana girgiza kai kamar yau ya fara gani. Wani lokaci yakan kwaikwaya wa masu saye. Dogo ne siriri mai manyan idanu, in ya sandare wuya ya juyo a hankali, sai ka ga babba da gemunsa ya matsa gefe yana dariyar yaƙe.

A tsakiyar shekarun casa'in kaset ɗin Hausa suka fara shigowa daga Kano. Na kalli biyu ko uku, sai shaiɗan ya raya mini cewa ai mu ma ba a fi mu baki ba. Akwai wani abokina da muka yi makarantar horon malamai tare, yana da kyamarar ɗaukar biki. Na same shi na ce mu sake yin fim ɗin rijiya da Hausa, a garinmu, da mutanenmu. Mai gidan kallo ya ce in dai an yi shi zai haska. Kafin kwana uku maganar ta zaga gari.

Ranar da aka tayar da ita a bencin yayana, saura kaɗan a ba hammata iska. Tela ya ce madalla, yau dai za a ji abin da gawar take faɗa, kowa ya huta. Direba ya ce wannan rainin hankali ne, ina Ƙaraye ina rijiya mai matakala, ina muka ga gidan attajiri mai fitilu. Bafulatanin nan ya ce shi in an taɓa fim ɗin ya daina zuwa. Yayana yana ta barbaɗa ƙuli, sai da aka watse ya dube ni.

"Malam, ku bar fim ɗin nan yadda yake."

"Yaya, ai ba ƙona na da za mu yi ba. Yana nan a kaset ɗinsa."

"Na sani. Amma waɗancan mutanen wata ƙasa ne. Ka ji tsoronka, ka fito, ka sayi tsire, ka tafi gida. In ka kawo shi cikin gari, ina mutum zai fita ya tafi?"

Na ce a raina maganar wanda bai yi boko ba ce. Haka nake a lokacin, ina ganin duk wanda bai zauna a aji ba hankalinsa rabi ne. Na bi shi da daɗin baki har mako biyu. Na ce duk ƙasar Ƙaraye da Rogo babu wanda ya san yadda gawar nan take tashi sai shi, in ya ƙi, tela zan ba, shi kuwa tela zai ɓata abin. Nan na kama shi. Ba zai iya jure a ɓata tashin nan ba, ya ce to, amma sau ɗaya zai yi.

Sauran fim ɗin bai ba mu wahala ba, don ba mu san ma yadda ake shan wahalar ba. Rijiyar makarantarmu muka yi amfani da ita, gidan wani dillalin gyaɗa ya zama gidan attajiri. Inda muka cije shi ne wurin ɗaukar gawa. Mu ba ma ƙona mamaci, ba mu da gadon gora. In Bahaushe ya mutu, a likkafani ake sa shi, a makara ake ɗaukarsa. Abokina ya ce mu sa kafinta ya haɗa mana wata. Ni kuwa na ce ɓata lokaci ne, ga ta masallacin unguwa tana jingine ba ta aikin komai.

Na je na sami ladan, dattijon da ya yi mini huɗuba a kunne ranar da aka haife ni. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi iyali, na tambayi ƙafarsa mai ciwo, sannan na shara masa ƙarya.

"Baba Ladan, na ga makarar nan ta yi rauni. Bari in kai wa kafinta ya ƙara mata ƙusa."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ka ga amfanin ilimi ke nan. Kowa yana wucewa yana ganinta, kai kaɗai ka kula."

Har yau in na tuna wannan addu'ar sai in ji kunya ta rufe ni.

Makarar ta katako ce, ta tsufa har ta yi baƙi saboda hannuwa. Mariƙinta na gaba na dama ya taɓa tsagewa, aka ɗaure shi da baƙar robar tayar keke. Duk wanda ya taɓa binne wani nasa a unguwarmu ya san robar nan, don ta taɓa kafaɗarsa. Mu ma a kanta muka kai Baba.

Da damina muka yi ɗaukar, da rana tsaka, lokacin da maza suke gona. Muka zaɓi hanyar maƙabarta, daidai gindin wata tsamiya, don abokina ya ce inuwar wurin ta yi kyau a hoto. Na sayo farin yadi, muna ta ce masa "kayan wasa" don kada bakinmu ya faɗi sunansa. Da yayana ya iso ya ga abin da aka ajiye a ƙasa, sai ya tsaya cik.

"Malam, wannan ta masallaci ce."

"Minti goma ne, Yaya. Yanzu za mu mayar."

"A kanta muka kai Baba."

"Katako ne fa, Yaya. Katako ba ya sanin wanda ya hau shi."

Ya dube ni. Sannan ya cire hularsa ya miƙo mini, ya yi bisimilla ya kwanta. Muka shafa masa toka a fuska, muka naɗe shi, matasa huɗu suka ɗauka. Wata tsohuwa da ta fito daga gona da itace a ka ta hango mu, ta sauke itacen tana innalillahi, tana tambayar wa ya rasu ba a sanar ba. Muka yi ta dariya, muka ce wasa ne, Iya. Ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki itacenta ta canza hanya.

Sau ɗaya ya yi, kamar yadda ya ce. Da ya tashi zaune, yadin ya zame daga fuskarsa, ya fara juyo da wuyan nan, sai ɗaya daga cikin masu ɗaukar ya saki mariƙinsa da gaske. Ni da nake bayan kyamara na ce a raina mun gama da Indiyawa.

Ranar haskawa zauren ya cika har ƙofa, har waɗanda suka rantse ba za su zo ba, Bafulatanin Ruwan Bago ma yana tsugune a gaba da sandarsa. Yayana bai shiga ba. Ya yanka akuya biyu maimakon ɗaya, ya ce in an fito za a yi ciniki, zai kalla daga baya in an rage.

Da farko dariya aka yi ta yi. Kowa ya ga maƙwabcinsa a talabijin sai ihu. Aka ga gugan makaranta a bakin rijiya, direba ya ce a kashe, an ci mutuncin fim. Da attajirinmu ya buɗe baki ya yi Hausa, sai zauren ya ɗauka: "Ba haka ya ce ba! Wallahi ba haka ya ce ba!" Mutanen da ba su taɓa jin kalma ɗaya ta ainihin fim ɗin ba, su ne suke gyara mini fassara. Tela ma da ya goyi bayana ya juyo ya ce ina maganar ruwan. Raina ya ɓaci, amma na ce ku dai jira tsamiya.

Aka zo tsamiya. Makara ta shigo hoto, mariƙin dama a gaba, robar nan baƙa ƙirin ta cika talabijin. Dariyar ta fara raguwa daga baya zuwa gaba. Sai na ji wani ya ce, a hankali, "Wannan ai tamu ce." Wani magidanci ne mai sayar da itace, wanda bai fi mako uku da kai 'yarsa a kanta ba. Ya miƙe tsaye, amma bai fita ba. Zauren ya yi tsit, sai ƙarar janareta. A cikin wannan shirun yayana ya tashi zaune a likkafani, a kan hanyar da kowa a zauren ya taɓa bi da gawar wani nasa, ya riƙa dubansu ɗaya bayan ɗaya.

Babu wanda ya yi ihu, babu wanda ya taka wani. Mai gidan kallo ya fita ya kashe janareta da kansa. Mutane suka nemi takalmansu a nutse suka fito. Ina tsaye a ƙofa na ga yayana ya jera tsire a kan tukuba, ya yanka albasa, yana murmushi yana jiran a yaba masa. Suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya, kowa kansa a ƙasa. Direba ya kai hannu aljihu, ya dubi hannun yayana da yake miƙo masa tsinke, ya fasa. Naman akuya biyun nan a gida aka ci shi, aka rarraba wa maƙwabta, wasu ma suka dawo da kwanon yadda aka kai.

Washegari liman ya kira mu. Na faɗi gaskiya, na ce ni na aro, ni na yi wa ladan ƙarya, yayana ma hana ni ya yi. Aka yi mini faɗa mai zafi, na ba da haƙuri, aka ce Allah ya kiyaye gaba. Cikin wata ɗaya an manta da ni, don fuskata ba ta fito a fim ba, kuma 'ya'yan mutane suna ajina. Unguwa ta sa aka yi sabuwar makara, aka jefa tsohuwar a bayan masallaci, don babu mai yarda a ɗora nasa a kan abin da aka yi wasa da shi.

Yayana kuwa babu wanda ya kore shi, babu wanda ya zage shi. Ana gaishe shi, ana amsa masa sallama. Naman hannunsa ne kawai aka kasa ci. Liman da kansa ya ce wannan camfi ne, yankansa halal ne, har ya zo tukubar ya sayi tsinke biyu ya ci a gaban jama'a. Mutane suka ce gaskiya ne, Allah gafarta malam, suka ci gaba da wucewa. Tela ya taɓa gaya mini a ɓoye cewa ba ƙi yake yi ba, amma da ya ɗaga tsinken sai ya ga tokar nan a fuskar yayana, sai ya kasa ci.

Na je na ce wa mai gidan kallo ya ba ni kaset ɗin in ƙona. Ya ba ni, na ƙona, ashe ya riga ya kwafa. Abin da ya fi ƙona mini rai, waɗanda suka fi tsine wa fim ɗin su ne suke zuwa su ce a sa musu wurin tsamiya kawai, su gani su ƙara tsinewa. Aka dawo da na Indiya kuma, aka ce kai, tsohon dai shi ne fim, aka koma ihu da tattake juna cikin jin daɗi. Yayana bai ƙara leƙa ƙofar nan ba.

Da abin ya ƙi, ya kwashe tukubarsa ya koma Rogo, inda ba a san fuskarsa sosai ba. Mako biyu ya yi yana ciniki, har ya aiko wa Inna da balangu. A mako na uku kaset ɗin ya iske shi can. Ya ce mini yana cikin juya nama sai ya ga mutane sun tsaya nesa suna nuna shi, ba mai saye, ba mai tafiya. Ya dawo gida ya jingine wuƙar Baba. Ya koma sayen fata da ƙirgi a ƙauyuka, sana'ar da hannunka ba ya zuwa bakin kowa. Yana tafiya Kafin Dafga a keke, ya dawo yana warin fata, abin da yake samu ba ya kai wa ko'ina. Na riƙa kai musu hatsi, yana karɓa yana godiya, godiyar tana cina fiye da zagi. Mutumin da ya ciyar da ni shekara da shekaru ne yake ce mini Allah ya saka.

A shekara ta uku tari ya kama shi, ya ƙi saki. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shiga na same shi a kan tabarma, ya rame har idanun nan sun ƙara girma. Na zauna na ce ya yafe mini. Ya ce ya daɗe da yafewa, ai shi ya kwanta da ƙafarsa, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ya yi tari, ya huta, sannan ya ce:

"Malam, in tambaye ka mana. Ni fa ban taɓa ganin fim ɗin nan naku ba. Na tashi daidai kuwa?"

"Wallahi, Yaya, ka fi na Indiyan."

Ya yi 'yar dariya. "Ka cika ƙarya. Babu mai tashi kamar wancan."

Daga nan ya ce yana da wasiyya ɗaya. In ta Allah ta kasance, a ɗauke shi a tsohuwar makarar. Ita ta kai Baba, ta kai rabin unguwa, shi ya ja mata aka yar da ita a bayan masallaci ruwa yana dukanta. Na ce ni na ja mata. Ya ce to, ni sai in ɗauko.

Bayan kwana tara ya rasu, da hantsi. Na je na sami ladan na gaya masa wasiyyar, wannan karon babu ƙarya. Ya tashi ya zaga da ni bayan masallaci, muka janye ta daga cikin ciyawa, muka wanke ta tare. Gara ta ci ƙafa ɗaya, amma robar tana nan.

Ban taɓa ganin jana'iza mai jama'a irin tasa a unguwarmu ba. Har daga Rogo an zo, har daga Ruwan Bago. Mutanen da suka yi shekara uku ba su iya karɓar tsinken tsire daga hannunsa ba, ga su sahu-sahu. Wasu don Allah suka zo, ban hana ba, na ga direba yana share hawaye da hularsa. Amma na ga idanu da yawa, kuma na san abin da suke kallo. Ba sa kallon liman, ba sa kallon ƙasa, farin yadin suke kallo.

A al'adarmu da sauri ake tafiya da gawa, ana karɓa-karɓa, kowa ya samu lada. Ni na riƙe mariƙin dama na gaba na ƙi saki, robar tana gurzar kafaɗata. Muna doso tsamiyar nan sai na ji salatin mutane ya yi ƙasa, ƙafafu sun rage sauri, babu wanda ya ce a rage. Na so in juya in zage su duka. Sai na lura ni ne a gaba, ni na fara rage tafiyar. Ina jiran in ji nauyin ya motsa a kafaɗata, yadin ya zame, ya tashi ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya fara da ni. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so wannan ba.

Ladan ne ya taɓa ni a baya ya ce, "Mu je, ɗana, rana tana yi." Muka wuce tsamiyar.